Me ya kai sojojin ƙasashen waje Rasha bayan juyin juya halin 1917?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni malamin makaranta ne a Tudun Wada, Kaduna. A majalisarmu ta bayan isha'i musu ya kaure kan yaƙin Sudan. Wasu suna cewa da manyan ƙasashe za su shiga da ƙarfinsu da tuni an gama, wasu suna cewa ai shigarsu ce ta hana a gama. Sai wani dattijo a cikinmu, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri wanda ya daɗe a harkar ƙungiyar ƙwadago, ya ce bayan juyin juya halin Rasha ƙasashe 14 suka taru suka far mata, amma Lenin ya kore su duka. Shin haka aka yi? Me ya kai su, kuma me ya hana a sasanta? Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. A gaishe min da Baba, domin maganarsa tana da tushe. Tsakanin 1918 da 1922 sojojin ƙasashe sama da goma sun taka ƙasar Rasha, ciki har da Ingila, Faransa, Amurka, Japan, Italiya, Girka da Kanada. Adadin 14 ɗin nan shi ne wanda aka riƙa koya wa yara a makarantun Tarayyar Sobiyat. Inda zan ɗan saɓa wa Baba shi ne batun taruwa da batun kora. Kowaccensu da abin da ya kawo ta, har suna yi wa juna zagon ƙasa, kuma yawancinsu gwamnatocinsu ne suka kwashe su da kansu da lissafi ya ƙi fita. Abin da na fahimta daga tarihin nan shi ne, shigar tasu ba ta kai ta yanke wa yaƙin hukunci ba, amma ta kai ta tsawaita shi, ta kuma toshe ƙofar sulhu a daidai lokacin da ta ɗan buɗe.

Sai an tuna cewa juyin ya faɗo ne a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya kafin a gane sauran. Tun 1914 Rasha take ɗauke da fagen gabas, tana riƙe wa Ingila da Faransa babban kaso na sojojin Jamus da Ostiriya. A watan Maris na 1917 yunwa da gajiyar yaƙi suka fito da mutanen Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin, kan titi, sojoji suka ƙi harbi, Sarki Nikolas na Biyu ya yi murabus. Ƙawayen Rasha ba su yi masa kuka ba. Mako guda da saukarsa Amurka ta amince da gwamnatin wucin gadi, ta riga sauran manyan ƙasashe. Damuwarsu guda ce, kada Rasha ta fice daga yaƙi. Suka riƙa aiko tawaga bayan tawaga, har da ta Amurka ƙarƙashin Elihu Root a watan Yuni, kuma saƙon a fili yake: bashi yana nan muddin ana faɗa. To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ministan harkokin waje, Milyukov, ya rubuta wa ƙawayen cewa Rasha za ta ci gaba har a ga ƙarshe, takardar ta fito fili, zanga-zanga ta ɓarke, ya rasa kujerarsa. Duk da haka Kerensky, ministan yaƙi na gwamnatin wucin gadin, ya tura sojoji sabon farmaki a watan Yuli. Aka karya su, 'ya'yan manoman da ke cikin kaki suka fara zubar da bindiga suna komawa gida don kada rabon gonaki ya wuce su. A ganina nan ne ƙawayen suka yi ɓarna mafi girma, tun ba su sauke soja ko ɗaya ba. Sun matse gwamnatin da suke so har ta shaƙe.

Jamus kuwa da araha ta yi nata. Lenin yana gudun hijira a Zurich ta ƙasar Suwizalan, Jamusawa suka ba shi hanya ya ratsa ƙasarsu a jirgin ƙasa tare da mutane kimanin 30, ya bi ta Suwidin da Finlan, ya sauka Petrograd ranar 16 ga Afrilu. Ba ƙaunar gurguzu suke yi ba, sun dai san shi ne mai kiran a daina yaƙi. Ranar 7 ga Nuwamba 'yan Bolshebik, jam'iyyar gurguzu ta Lenin, suka karɓe mulki, washegari suka fitar da dokar neman zaman lafiya.

Abu biyu sabuwar gwamnatin ta yi da suka ƙona wa Landan da Faris rai. Trotsky, wanda aka ba harkokin waje, ya buɗe ma'ajiyar takardun ma'aikatar ya buga yarjejeniyoyin sirri a jarida. A ciki aka ga an yi wa Sarkin Rasha alkawarin Santanbul tun 1915. A ciki aka ga yarjejeniyar Sykes da Picot ta 1916, wadda ta raba Sham da Iraƙi tsakanin Ingila da Faransa, alhali Ingila ta riga ta kwaɗaita wa Sharif Husaini na Makka ƙasar Larabawa mai cin gashin kanta. Da yawa daga cikinmu mun san sunan yarjejeniyar nan, amma kaɗan ne suka san daga Petrograd asirinta ya tonu. A watan Disamba kuma suka fitar da kira ga Musulmin Rasha da na gabas, suna cewa masallatansu da al'adunsu sun sami 'yanci. Kada wannan ya ruɗe mu: a Fabrairun 1918 dakarun Jajaye, wato sojojin Bolshebik, daga Tashkent suka murƙushe gwamnatin da Musulmi suka kafa a Kokand, aka kashe dubban mutane, a 1920 kuma aka ci Bukhara da yaƙi. Abu na biyu shi ne soke bashi. A Fabrairun 1918 suka ce duk abin da Sarki ya ranto ba su san da shi ba. Faransa ce ta fi jin zafin wannan, domin Faransawa sama da miliyan guda, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi, sun zuba ajiyarsu a takardun bashin Rasha. Duk lokacin da ka ga Faransa ta fi kowa taurin kai a labarin nan, ka tuna da waɗannan takardu.

Sulhu da Jamus aka yi a Brest-Litovsk, kuma sulhun mai wuƙa a wuya ne. Trotsky ya yi ta jan magana yana jiran ma'aikatan Jamus su yi tawaye. Da tawayen bai zo ba, ranar 10 ga Fabrairu ya miƙe ya ce Rasha ba za ta sa hannu ba, kuma ba za ta yi yaƙi ba, ya fice. Ranar 18 ga wata Jamusawa suka danno, ba wanda ya tare su, a wasu wuraren ma a jirgin ƙasa suke zuwa su karɓi gari. Sai da Lenin ya yi barazanar ajiye muƙami kafin abokansa suka yarda. Aka sa hannu ranar 3 ga Maris 1918 kan sharuɗɗan da suka fi na farko muni. Rasha ta rasa Yukren, Folan, Finlan da ƙasashen bakin tekun Baltik, wato kusan kashi ɗaya bisa uku na jama'arta da mafi yawan ma'adinan kwal ɗinta, ta kuma mayar wa Turkiyya Kars da Batum. Aka ɗauke hedikwata daga Petrograd zuwa Mosko. Ranar 21 ga Maris Jamus ta buɗe babban farmakinta a Faransa da rundunonin da ta kwaso daga gabas.

Wannan ne ya kai ƙawaye Rasha da farko. Suna so a sake buɗe fagen gabas ko ta halin ƙaƙa, suna kuma tsoron kada tulin makaman da suka jibge a tasoshin Murmansk, Arkhangelsk da Vladivostok ya faɗa hannun Jamus. Sojojin ruwan Ingila da suka fara sauka Murmansk a watan Maris, da yardar majalisar garin suka sauka, Trotsky ma bai hana ba. Amma kada a ce zuciyarsu fes take. Tun 23 ga Disamba 1917 Ingila da Faransa suka raba kudancin Rasha a takarda, Faransa ta ɗauki Yukren da Kirimiya, Ingila ta ɗauki yankin Kaukasus, inda man Baku yake.

Abin da ya mayar da ƙaramar shiga babba, wani guntun ƙarfe ne. Akwai sojoji 'yan Cek da Sulobak sama da 40,000, yawancinsu fursunonin yaƙi da suka yarda su juya su yaƙi Ostiriya don ƙasarsu ta sami 'yanci. Da Rasha ta fita yaƙi, aka shirya a ɗauke su a jirgin ƙasa su ratsa Siberiya zuwa Vladivostok, daga can a kai su Faransa ta ruwa. Ranar 14 ga Mayu 1918 a tashar Chelyabinsk jirginsu ya tsaya kusa da na fursunonin Hangare masu komawa gida. Wani daga cikin na Hangare ya jefo ƙarfe ya ji wa ɗan Cek ciwo, suka jawo shi suka kashe. Hukumar garin ta kama wasunsu, 'yan'uwansu suka shiga gari da bindiga suka fito da su. Trotsky ya ba da umarnin a harbe duk ɗan Cek da aka gani da makami a kan layin dogo. Cikin 'yan makonni layin, daga kogin Volga har bakin teku, ya koma hannunsu. Mu a Kaduna mun san abin da hakan yake nufi. A zamanin da babu kwalta, wanda ya riƙe mahaɗar jirgin ƙasa ta garin nan ya riƙe hanyar Legas zuwa Kano da ta Fatakwal gaba ɗaya. To layin Siberiya ya haura kilomita 9,000, kuma babu wata hanyar sai shi. A inuwar waɗannan baƙi ne abokan gabar Bolshebik, waɗanda ake kira Farare, suka kafa gwamnatoci a gabas. Kusantowar 'yan Cek ɗin garin Yekaterinburg, inda ake tsare da Sarki, na cikin abin da ya gaggauta kashe Sarki da iyalinsa ranar 17 ga Yuli. Shekara guda kafin nan ɗan'uwansa, Sarki Joji na Biyar na Ingila, ya sa aka janye tayin ba shi mafaka.

Shugaba Wilson na Amurka ya daɗe yana ja da baya, sai da aka ce masa ceton 'yan Cek za a je sannan ya yarda. Ya aika kimanin 5,000 zuwa Arkhangelsk, kimanin 8,000 zuwa Siberiya ƙarƙashin Janar Graves. Japan, wadda aka yi tsammanin za ta kawo daidai da haka, ta kawo sama da 70,000. Ita ƙasa take nema a gabashin Siberiya, don haka ta riƙa ciyar da 'yan ta'adda masu kaki irin su Semyonov, waɗanda ke tare jiragen makaman da ake aika wa Farare. Graves ya ƙi yaƙar kowa, ya tsaya gadin layin dogo yana zuba wa Japanawa ido. Wannan fa su ne ake cewa sun taru.

Ranar 11 ga Nuwamba 1918 Jamus ta miƙa wuya, dalilin zuwan ya ƙare. A ranar ma sojojin Amurka da Ingila suna can suna musayar wuta da Jajaye a wani ƙauye mai suna Tulgas a bakin kogin Dvina, ba su san an daina yaƙi ba. Daga nan tambayar ta zama: a tafi ne, ko a tsaya a kawar da gurguzu? Churchill, wanda ya zama ministan yaƙi a Janairun 1919, yana so a murƙushe shi tun yana jariri. Firaministansa Lloyd George yana ganin baitulmali ba zai ɗauka ba, kuma Rasha mai rauni ta fi wa Ingila amfani a kan iyakar Indiya. Faransa ta sauke sojoji a Odessa a watan Disamba, Girkawa suka biyo baya, a cikin sojojin Faransan akwai 'yan Aljeriya da 'yan Afirka ta Yamma da ta ɗebo daga ƙasashen da ta mallaka. Mutanen da suka sha shekara huɗu a ramukan fagen yaƙi suna son gida. Wasu rundunoni suka ƙi bin umarni, a watan Afrilu 1919 aka kwashe su daga Odessa, ma'aikatan jiragen yaƙin Faransa a Bahar Aswad suka yi bore suka ɗaga jar tuta. Matsayar da aka ƙare a kanta ita ce mafi muni a cikin duka: ba za a aika rundunar da za ta iya cin yaƙi ba, ba kuma za a janye hannu ba. Za a dai riƙa ba Farare makami da kuɗi, a ci gaba da toshe tasoshin ruwan Rasha.

Yanzu ga batun sulhu, wanda shi ne zuciyar tambayarka. Sau biyu dama ta samu a farkon 1919. Ranar 22 ga Janairu shugabannin da ke taro a Faris suka gayyaci duk ɓangarorin Rasha zuwa tsibirin Prinkipo kusa da Santanbul, da sharaɗin a tsagaita wuta. Da yake ba su amince da gwamnatin Mosko ba, ba su rubuta mata takarda ba, ta rediyo suka watsa gayyatar. Ranar 4 ga Fabrairu Chicherin, ministan harkokin wajenta, ya amsa cewa za su zo, har ya nuna za a iya magana kan bashi da ba baƙi haƙar ma'adinai, duk da bai fito fili kan tsagaita wuta ba. Farare suka ce ba za su zauna da masu kisan kai ba. Jami'an Faransa suna ƙarfafa musu gwiwa a bayan fage, Churchill kuma yana nuna musu taimako na nan tafe. Taron bai yiwu ba.

A watan Maris Amurka, da sanin Ingila, ta aika wani matashin jami'inta, William Bullitt, Mosko a asirce. Abin da ya dawo da shi yana da ban mamaki. Lenin ya yarda a tsagaita wuta, kowace gwamnati ta riƙe yankin da ke hannunta, a yi afuwa, a ɗauki nauyin tsohon bashi, in dai za a janye sojojin waje a buɗe tasoshin ruwa. Ka duba taswirar lokacin: Siberiya, arewa mai nisa, Kaukasus da babban yanki na kudu duk suna wajen hannunsa. Ya ba da wa'adi zuwa 10 ga Afrilu. Wilson bai ko gana da Bullitt ba. Lloyd George ya karya kumallo da shi, ya nuna masa yadda jaridun gida ke hura wuta, daga baya ya tsaya a majalisa ya yi kamar bai san da maganar ba. Babban abin da ya kashe tayin shi ne a makonnin nan Admiral Kolchak, jagoran Farare a Siberiya, yana cin garuruwa yana dosar Volga. Kowa ya ce me za a sasanta, ga nasara tana zuwa? Zuwa watan Yuni an juya shi baya, bai sake tsayawa ba.

Ban ce Lenin zai cika alkawari ba. Mutumin da ya sa hannu a Brest-Litovsk ya yaga takardar da zarar Jamus ta faɗi, yana iya maimaitawa. Amma ko tsagaita wuta ta shekara guda a ƙasar da zazzaɓin ƙwarƙwata da yunwa ke cin mutane ba ƙaramin abu ba ne, kuma Farare sun ƙi abin da ya ninka duk abin da suka samu daga baya. Abin da ya hana su karɓa shi ne jiran gawon shanu. Wanda ke sa ran gobe jirgi zai sauke masa tankoki ba ya jin maganar mai shiga tsakani.

Nan ne musunku na Sudan ya shigo, kuma ba sai mun je nesa ba, mun gani a gida. A yaƙin basasarmu, zuwa Mayun 1968 Inugu da Fatakwal sun faɗi, Biyafara ta rasa hanyar teku. Aka yi zaman sulhu a Kampala a watan Mayu, a Yamai a watan Yuli ƙarƙashin kwamitin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, a Addis Ababa a watan Agusta. Ranar 31 ga Yuli gwamnatin De Gaulle ta Faransa ta fito ta goyi bayan 'yancin Biyafara na zaɓar makomarta, makamai suka fara shigowa ta Gabon da Kwaddebuwa zuwa filin Uli. Faransa ba ta taɓa amincewa da Biyafara a hukumance ba, abin da ta bayar ya isa a tsaya, bai isa a ci ba. A ɗaya ɓangaren, jiragen MiG na Sobiyat sun sauka Kano tun Agustan 1967, Ingila kuma tana ba Legas makamai tana duban rijiyoyin mai, don haka ita ma gwamnatin tarayya ba ta ga dalilin sassautawa ba. Yaƙin ya kai Janairun 1970, yara suna mutuwa da yunwa a cikin ƙawanya. A rikicin Sudan an sa hannu kan yarjejeniya a Jidda a Mayun 2023, an yi ta shelar tsagaita wuta ana karyawa. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce rahotannin da ke cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na kai wa dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, makamai ta Cadi suna da ƙarfi, ita kuma ta musanta, sojojin gwamnati ma suna da masu ba su. Don haka na fi karkata ga 'yan majalisarku masu cewa shigar ce ke hana a gama. Masu cewa a shiga da cikakken ƙarfi suna maganar abin da ba kasafai ake yi ba, domin babu ƙasar da ke son 'ya'yanta su mutu da yawa a rigimar gidan wani.

Mu koma Rasha. Me ya sa Farare suka faɗi duk da taimako? Ingila kaɗai ta kashe kusan fam miliyan 100, ta aika ɗaruruwan dubban bindigogi, da igwa, da tankoki, da jiragen sama. Kaya da yawa sun ƙare a kasuwa, wasu sun ruɓe a tasha, wasu sun koma hannun Jajaye tare da sojojin da suka sauya sheƙa. Jajaye suna riƙe da tsakiyar ƙasa, inda jama'a suka fi yawa, inda masana'antun makamai na Tula da Petrograd suke, inda duk layukan dogo suke haɗuwa. Suna iya ɗauke runduna daga gabas su kai ta kudu cikin kwanaki, alhali saƙo tsakanin Kolchak da Janar Denikin, jagoran Farare a kudu, sai ya yi dogon zagaye. Zuwa ƙarshen 1920 suna da mutum kusan miliyan 5 a rajista, da dubban tsoffin hafsoshin Sarki suna jagorantarsu. Sannan ga maganar gona. Manomi ya tsani Jajaye saboda ƙwace masa hatsi, amma ya san in Farare suka dawo mai gona zai biyo su.

Akwai kuma taurin kai kan iyaka. Taken Farare shi ne Rasha ɗaya ce, ba ta rabuwa. A 1919 Mannerheim na Finlan ya nuna zai iya taimakawa a ci Petrograd in za a amince da 'yancin ƙasarsa, Kolchak ya ƙi. A watan Oktoba, lokacin da Denikin ya kai Orel, ƙasa da kilomita 400 daga Mosko, Folan ta zauna ta zuba ido, domin ta fi tsoron nasarar Farare. Janar Yudenich na Farare ya kai bakin Petrograd da 'yan tankokin Ingila, aka mayar da shi. Su kuwa Jajaye, duk soja baƙo da ya taka ƙasar ya zame musu hujja. Jam'iyyar da ake zagi da cewa Jamus ce ta kawo ta a jirgi, ta wayi gari ita ce mai kare ƙasa. A 1920, da Folan ta shigo Yukren, Janar Brusilov, babban kwamandan Sarki a dā, da kansa ya yi kira ga tsoffin hafsoshi su shiga rundunar Jajaye.

Adalci ya sa in ƙara wannan. Zaluncin Bolshebik ba baƙi ne suka haife shi ba. An kafa 'yan sandan ciki na Cheka a Disamban 1917, an tarwatsa zaɓaɓɓiyar majalisa a Janairun 1918, duk kafin saukar soja ɗaya na ƙawaye. Abin da baƙi suka yi shi ne ba shi uzuri. Da aka harbi Lenin aka ji masa rauni ranar 30 ga Agusta 1918, aka haɗa abin da maƙarƙashiyar wakilin Ingila, Bruce Lockhart, aka kutsa ofishin jakadancin Ingila a Petrograd aka kashe jami'in sojan ruwa Cromie, kisan gilla ya zama doka. Lockhart kansa musayarsa aka yi da Litvinov, wakilin Mosko da aka tsare a Landan. Su ma baƙin hannunsu ba tsabta ba: Ingila ta yi amfani da iska mai guba a arewa a 1919, Japanawa sun ƙona ƙauyuka a Siberiya.

Yadda aka rabu da waɗanda aka ɗaure wa gindi abin tausayi ne. Kolchak yana gudu gabas a jirgin ƙasa tare da zinaren baitulmalin Rasha, ƙarƙashin tutocin ƙawaye da alkawarin kariya. A Irkutsk, a Janairun 1920, 'yan Cek da yardar Janar Janin na Faransa suka miƙa shi don a bar su su wuce. Ranar 7 ga Fabrairu aka harbe shi, aka tura gawarsa ƙarƙashin ƙanƙarar kogi. A watan Maris jiragen Ingila suka kwashi abin da suka iya na mutanen Denikin a Novorossiysk, dubbai suka rage a bakin tasha. A watan Nuwamba Janar Wrangel, magajin Denikin, ya fita daga Kirimiya da mutum kusan 146,000 a jirage 126 zuwa Santanbul, Faransa ta riƙe jiragen a matsayin jinginar kuɗin ɗawainiya. Saboda irin waɗannan mutane marasa ƙasa aka ƙirƙiro fasfo ɗin Nansen a 1922.

Ciniki bai jira hawaye su bushe ba. An ɗage toshiyar tasoshi a Janairun 1920. A watan Mayu 'yan dakon tashar Landan suka ƙi loda makaman Folan a jirgin Jolly George, irin labarin da Baba zai ji daɗinsa. Ranar 16 ga Maris 1921 Ingila ta sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci da Mosko, a ranar kuma Mosko ta ƙulla abota da gwamnatin Mustafa Kemal ta Turkiyya, wadda take ba zinare da makamai. A wannan shekarar ne fari ya haɗu da ƙwacen hatsi da ɓarnar yaƙi, yunwa ta kashe mutum kusan miliyan 5. Hukumar agajin Amurka ƙarƙashin Herbert Hoover, wanda ya tsani gurguzu, ta kai tana ciyar da mutum kusan miliyan 10 a rana a 1922, kuma wannan ita ce shigar waje da ban ga abin zargi a cikinta ba. A Afrilun 1922 aka kira Rasha taron Genoa don a matsa mata kan bashi. Chicherin ya kawo nasa lissafin na ɓarnar da sojojin waje suka yi, wanda ya fi bashin yawa, sannan ya zame gefe ya sa hannu da Jamus a Rapallo, kowa ya yafe wa kowa.

Japan ce ta ƙarshe, ta bar Vladivostok a Oktoban 1922, arewacin tsibirin Sakhalin kuwa sai 1925. Ingila da Faransa sun amince da Tarayyar Sobiyat a 1924, Amurka sai 1933. Maganar bashi ta daɗe fiye da duk waɗanda suka yi yaƙin. Da Ingila an rufe ta a 1986. Da Faransa sai bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, a yarjejeniyar 1996 da 1997, inda Rasha ta yarda ta biya dala miliyan 400, aka raba wa masu riƙe da tsoffin takardun, yawancinsu jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka saya.